Sunan da Ke Wuyan Rigar Sanyi

Yayana gwanjo yake sayarwa, kuma kayan yara ya fi kamawa. Yana da rumfa a kasuwar Boɗinga, ranar da kasuwar Shagari take ci kuma sai ya ɗaure kaya a saman bas ya tafi can. Idan damina ta ɗauke aka fara jin sanyin safiya, yakan sayo dilar rigunan sanyi daga Sakkwato a sauke ta a zauren gidanmu. Duk lokacin da na zo hutu daga makaranta ni ne mai taya shi kwance ta, don ni ban iya ciniki ba. Mai saye yana ɗaga murya nake rasa abin faɗa. Amma zaman tsince kaya, a ware mai tabo daban, wanda maɓallinsa ya ɓalle daban, wannan na iya, kuma Yaya ya san na iya.

Dila tana da wani wari nata, na magani da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Idan aka yanke igiyar ƙarfen da ta ɗaure ta, sai ta kumbura a hankali kamar mai sauke numfashi. A cikin irin wannan zama na fara lura da ƙananan ƙyallaye farare da aka ɗinka a cikin wuyan wasu rigunan. Ba tambarin masana'anta ba ne. Da hannu aka ɗinka su, kuma kowanne yana ɗauke da suna ɗaya, wani da jan zare, wani da shuɗi, wani kuwa da alƙalami aka rubuta shi, wanki ya kusa cinye shi. Yaya yana ɓanɓare su da reza kafin ya kai kayan kasuwa. Dalilinsa shi ne mutanen ƙauye sun riga sun yarda cewa gwanjo tufafin matattun Turawa ne, kuma idan uwa ta juya wuyan riga ta ga rubutu, sai ta ajiye ta ce ga sunan mamacin nan ma. Shi bai damu da ko gaskiya ne ba. Cewa yake yi rai ko mutuwa, ɗan Bature ya riga ya gama da rigar, ɗan Shagari kuwa sanyi yake ji yanzu.

Ni kuma na kasa zubar da ƙyallayen. Na sami gwangwanin madara na riƙa tara su. Da na koma makaranta sai na fara neman asalinsu, a waya da kuma wani tsohon ƙamus na ɗakin karatu, ɗaya bayan ɗaya, ba don wani darasi ba. Na gano yawancinsu daga Jamus suke da ƙasashen da ke arewa da ita, Suwidin da Nowe da Danmak, inda iyaye mata ke ɗinka sunan yaro a rigarsa don kada ta ɓata a makarantar rainon yara. Abin da ya kama ni shi ne sunayen nan tsofaffi ne ƙwarai, sun girmi shigar addinin Kirista ƙasashen, kuma kowanne yana da ma'ana a bayyane a tsohon harshensu. Sten dutse ne. Ulf kyarkeci. Bjorn wata dabbar dajin ƙanƙara ce da ba mu da ita, ƙatuwa mai gashi, tana iya tsayuwa da ƙafa biyu. Gunnar mayaƙi ne. Karl yana nufin namiji ɗa, wanda ba bawan kowa ba. Jamusawa kuma sun fi haɗa kalma biyu su yi suna ɗaya: Konrad ƙarfin zuciya ne da shawara, Friedrich zaman lafiya da sarauta. A zamanin da, uba yakan ɗauki rabin sunansa ya ba ɗansa, ya nemo wani rabin ya cika, har a ji gida guda duk sunayensu suna farawa da sauti ɗaya.

Hutu na gaba na kawo wa Yaya wannan ilmi, ya mayar da shi abin wasa. Yakan ɗaga riga ya ce, "To Malam, wanga fa, mi shika nufi?" In duba in faɗa masa. Da na ce Sven yana nufin yaro, sai da ya ajiye rezar don dariya. Ya ce wato mutum ya tsufa, haƙora su zube, jikoki na kewaye da shi, ana ce masa Yaro. Matarsa tana jin mu daga tsakar gida. Ta leƙo ta ce ai gara shi, ko ba komai ana kiransa, wani ƙanin miji da ta sani sai an kira shi sau uku kafin ya ɗago kai daga takarda. Haka take da ni tun da aka kawo ta daga Shagari. Ɗan littafi take ce mini, kuma idan ta zuba mini tuwo sai ta ce in ci da sauri kafin in karanta shi.

Maganarta ta gara shi ana kiransa ta tsaya mini a rai, ko da yake ita wasa take yi. Yaya ɗan fari ne a wurin Inna, mahaifiyarmu, kuma Inna mace ce mai riƙe alkunya irin ta da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Idan tana nemansa sai ta ce ina wancan, ko ta ce ku kira mini yayanku. Idan yana gabanta sai ta ce kai. Ko yaran maƙwabta masu irin sunansa ba ta kiransu da shi, kowanne ta yi masa laƙabi. Matarsa ma haka. Kakarta ce ta raine ta a ƙauyen Mandera, ta taso da tarbiyyar tsofaffi, ba ta faɗin sunan miji, sai dai ta ce shi ko maigidan. Mu ƙannensa Yaya muke cewa. Mahaifinmu ne kaɗai yake kiransa da sunan yanka, shi kuwa ya rasu ina ƙarami. A kasuwa Mai Gwanjo ake ce masa. Sai na zauna da gwangwani cike da sunayen yaran da ban taɓa gani ba, na san asalin kowanne, na ga cewa sunan mutumin da ke zaune kusa da ni yana yanke zare, rabon da in ji an faɗe shi a cikin gidan nan har na manta. Ban ga laifi a ciki ba. Na san kunyar Inna ba rashin so ba ce. Shi take fara ɗebar wa nama, kuma idan ya yi dare a hanyar Shagari ba ta cin abinci sai ta ji motsinsa a zaure. Waɗancan iyayen suna ɗinka sunan a riga don kada ya ɓata, tamu uwar kuma ta ɓoye shi a bakinta don kada ya zube. Haka na fassara wa kaina abin a lokacin, kuma na ji daɗin fassarar.

A cikin dilar ƙarshe da muka kwance tare akwai wata ƙaramar rigar sanyi, ruwan toka, saƙar hannu, da layin ja a ƙirji. An ɗinka Leif a wuyanta. Yaya ya sa reza ya yanke gefe ɗaya na ƙyallen, sannan ya tambaye ni ma'anarsa. Na ce magaji, ko kuma abin da aka bari a baya. Na ƙara masa da cewa akwai ɗan'uwan sunan, Olaf, wanda ke nufin abin da kakanni suka bari. Ya riƙe rigar yana juya ta. Lokacin matarsa tana da ƙaramin ciki, ba a faɗa ba amma kowa ya sani. Bai ƙarasa yanke ƙyallen ba. Ya ninke rigar ya miƙa mini, ya ce in sa masa ita a akwatina, don idan ya bar ta cikin kaya zai manta ya sayar.

Da bazara ta yi tsanani ya dawo daga kasuwar Shagari da ciwon kai. Washegari wuyansa ya sanƙare. Aka kira ni daga makaranta, na same su a asibiti, Inna tana zaune a gefen gadon, matarsa tana tsaye daga ƙafafu. Ba ya gane kowa. Wata ma'aikaciyar jinya, baƙuwa ce a garin, ta zo ta duba idonsa, ta ce mana mu riƙa kiran sunansa kusa da kunnensa, wani lokaci suna ji, yana taimaka musu su dawo. Ta dubi Inna, don ita ce uwa. Na ga Inna ta sunkuya, ta kai bakinta kusa da kunnensa. Ta daɗe a haka. Abin da ya fito shi ne, "Kai. Kai, wanga yaro." Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na ce Yaya, na sake cewa Yaya. Ma'aikaciyar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane abin da ke faruwa ba, sai ta ɗauki katin da ke rataye a gadon ta karanta sunan, ta kira shi da ƙarfi, da irin lafazin mutanen kudu. Wannan ne kira na ƙarshe da aka yi masa. Bai amsa ba. Kafin la'asar ya cika.

Bayan addu'o'i iyayen matarsa suka ɗauke ta zuwa Shagari ta yi takaba a can, ta kuma haihu a gabansu, tunda haihuwar fari ce. Na koma makaranta da rigar a akwati da gwangwanin a ƙarƙashinta. Karatun sunaye da na ɗauka zan bari, sai ya ƙara kama ni. A nan na ci karo da wata tsohuwar al'ada ta mutanen arewacin can. Ba su cika ba jariri sunan mai rai ba, sai na wanda ya riga ya mutu a dangi, kuma idan uba ya mutu ya bar ciki, ɗan da aka haifa sunan uban yake ɗauka. A wani tsibirinsu mai ƙanƙara har yau akwai masu cewa mamaci yakan zo wa mai ciki ko wani na kusa da ita a mafarki, ya tsaya kamar baƙo mai neman masauki, kuma abin da yake nema shi ne a ba abin da ke cikin sunansa. Suna ganin bai kamata a hana shi ba.

Na san wannan ba aƙidarmu ba ce. Na san mamaci yana inda Allah ya ajiye shi. Amma bayan na karanta, sai na fara ganin Yaya. Ba da dare ba, a barcin rana ne, wanda nake ɗan yi bayan azahar a kan tabarma a bayan ɗakin kwananmu. Kullum iri ɗaya. Yana zaune a zauren gidanmu ya ba ni baya, dila a kwance gabansa, kafaɗarsa tana motsi irin na mai yanke zare. In ce Yaya, ba ya juyowa. In matsa, zauren ya ƙara tsawo. A cikin mafarkin na san abin da zan faɗa ya juyo, amma sai in farka kafin in faɗe shi. Ban gaya wa kowa ba. Ban ma san ko karatun ne ya kawo mafarkin ba, ko mafarkin ne ya sa na riƙe karatun. Abin da na sani shi ne na ƙudurta a raina cewa idan namiji aka haifa, sunan Yaya zai ci. Kuma ban ga abin da zai hana ba, don mu ma haka muke yi. Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda yake da makarantar allo a unguwarmu kuma shi ne babba a gidan yanzu, ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa idan Allah ya kawo namiji an mayar da sunan marigayi.

Ina gida hutun damina aka bugo waya daga Shagari da hantsi, an sauka lafiya, namiji. Baffa ya aiko a ce mini in shirya in raka shi, zai je ya yi wa jaririn huɗuba, wato ya raɗa masa sunansa a kunne tun kafin ranar suna. Na shiga ɗaki na ciro rigar daga akwati. Ina fitowa Inna ta kira ni. Tana zaune a bakin rumbu tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce idan mun kama hanya in gaya wa Baffa ita ba ta so a sa wa yaron wancan suna. A zaɓi wani, duk wanda ya ga dama.

Na tsaya riƙe da rigar. Ban taɓa mayar wa Inna magana ba, ba don tsoro ba, haka dai nake da kowa. Amma ranar na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce mata sunan zai fita daga gidan ke nan. Na ce babu wanda ya rage da shi a cikinmu, kuma ko ba komai yaron bai ga ubansa ba, a bar masa wannan.

Ta ci gaba da tsince waken. Sannan ta ture faifan gefe.

"In anka sa mishi, wa za ya kira shi?" ta ce. "Uwatai ba ta kira, ɗan fari nata ne. Ku ba ku kira, sunan yayanku ne. Ni kau ka sani. Sai a yi mishi laƙabi, shi tashi da laƙabi, shi tsufa da shi."

Na ce ai haka ake yi a ko'ina.

"Na yi guda wanda ban kira ba," ta ce. "Ka gani da idonka, kana tsaye. Wanga ina son in tsaya bakin ƙofa in kira shi, unguwa duk ta ji."

Ta jawo faifan ta ci gaba da aikinta. Ta lura da rigar a hannuna, ta miƙo hannu na ba ta. Ta juya wuyan ta ga ƙyallen yana reto da gefe ɗaya, ta tambaye ni mene ne. Na ce sunan yaron da ya fara sa ta ne, uwarsa ce ta ɗinka. Ta shafa ɗinkin da babban yatsa, ta ce hannun mai haƙuri ne. Ta tambaya ko yaron mutuwa ya yi. Na ce ban sani ba, yawanci girma suke yi rigar ta yi musu kaɗan, a bayar. Ba ta yarda ba. Ta ce macen da ta zauna ta saƙa wannan da hannunta ba ta bayar da ita don ta yi kaɗan. Na ce in ƙarasa cire ƙyallen? Ta ce in bar wa matar abinta.

A bas Baffa ya zauna gaba kusa da direba, ni ina bayansa, tsakanin wata mata mai kwandon albasa da wani dattijo. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, ko'ina kore. Na ga cewa babu abin da ya fi mini sauƙi kamar in yi shiru. Shiru ne aikina tun ina yaro, babu wanda zai yi mamaki. Idan Baffa ya raɗa sunan a kunnen jariri, magana ta ƙare, Inna kuma ba za ta taɓa tayar da ita ba, don tayar da ita sai ta bi ta kusa da sunan. Muka wuce Sifawa ban ce komai ba. Ina kallon ƙeyar Baffa da farar hularsa, sai na ga kamar ƙeyar da nake gani a mafarki, don jini ɗaya ne, wuyansu iri ɗaya. Na rufe ido. Abin da na gani ba zauren ba ne. Inna na gani a sunkuye a gefen gadon asibiti, bakinta kusa da kunnensa.

Sai da muka sauka a Shagari, muka bi lungu har ƙofar gidan surukan, Baffa ya ɗaga murya zai yi sallama, sannan na taɓa hannun rigarsa. Na faɗa masa saƙon Inna kamar yadda ta faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya dube ni ya ce me ya hana ni faɗa tun a gida. Sai na ba shi labarin mafarkin, a tsaye a lungun, har da abin da na karanta na mutanen tsibirin. Shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya saurara har na gama, bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba.

"Mamaci ba shi bukatar suna, ɗana," ya ce. "Can inda shike an san shi. Addu'a shika so. Mai rai ad da bukatar a kira shi."

Ya ja carbinsa. Ya ce shi ma ya so sunan, don shi ya riƙe ragon ranar da aka raɗa wa Yaya shi. Amma Inna, wadda ta haifi Yaya, ta riga su. Ya yi sallama muka shiga.

Aka miƙo jaririn a cikin zane. Baffa ya karɓe shi, ya yi kiran salla a kunnensa, ya raɗa masa sunan wani malaminsa da ya karantar da shi a Sifawa, sunan da babu mai shi a danginmu, babu wanda zai ji nauyinsa. Daga baya aka bar ni na leƙa ɗakin mai jego daga bakin ƙofa. Ta rame, amma da ta gan ni sai ta ce ɗan littafi ya zo ganin ɗansa, a ɓoye takardu kada ya karanta yaron. Na miƙa mata rigar na ce Yaya ne ya ajiye masa. Ta karɓa ta ɗora a cinya, ba ta buɗe ba. Na tambaye ta ko ta ji haushin sunan da aka sa. Ta ce ita ai ko wanne aka sa bakinta a rufe yake. Ta ɗan yi murmushi, sannan ta juya fuska wajen bango, na fito.

Bayan yaye aka kawo yaron Boɗinga wurin Inna, uwarsa kuma daga baya ta yi wani aure a Shagari, tana zuwa ganinsa. Inna ta cika maganarta. Tana tsayawa a bakin ƙofa ta kira shi da cikakken sunansa, da wata murya da ban san tana da ita ba, har maƙwabta suna yi mata tsiya cewa angon nata kurma ne. Idan ya ƙi zuwa ta ce ta sake shi, ta auri wani. Idan ya zo ta ce miji marar kawo cefane. Ya sa rigar ruwan tokan har lokacin sanyi biyu kafin ta matse shi, da ƙyallen yana reto a wuyansa. Yanzu tana cikin kayan Inna. Gwangwanin kuwa yana wurina, ban ƙara ko ɗaya a ciki ba, don an sayar da rumfar.

Mafarkin bai tafi gaba ɗaya ba. Yana yin nisa, sai ya dawo, musamman idan zafi ya yi yawa. Har yanzu bai juyo ba. Ina yi masa addu'a kamar yadda Baffa ya ce.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba ranar da nake gardama da Inna, ko da yake yana cikin abin da na karanta. Mutanen arewacin can, bayan sunan yaro, sukan liƙa sunan ubansa da ƙarin da ke nufin ɗan wane, har ya zama shi ne sunan gidan. Mu ma makarantar boko ta kawo mana irin wannan. Da yaron ya isa shiga firamare ni na kai shi, don lokacin na gama karatu ina gida. Malamin da ke ɗaukar sababbin yara ya tambayi sunansa na faɗa. Ya ce sunan uba. Na dubi takardar da ke gabansa. Malamin ya ɗago yana jira, alƙalami a hannu, yaron yana riƙe da yatsana. Na faɗa. A iya sanina wannan ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina, kuma ya fito ƙarami, har sai da malamin ya ce in maimaita.

Makarantar tana bayan gidanmu, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ajin ƙananan yara shi ne mai taga ta wajenmu. Kowace safiya bayan sun shiga aji, malamarsu tana kiran suna, kowane yaro da sunan ubansa, yana amsawa. Ba a daɗe ba na lura Inna ta sauya lokacin shararta. Da tana share tsakar gida tun da sassafe. Yanzu sai yara sun shiga aji take ɗaukar tsintsiya, ta fara daga bakin ɗakinta, ta bi a hankali, kuma duk inda ta faro, lokacin kiran suna yana samunta a gindin katangar nan. Idan aka zo kan jikanta sai tsintsiyar ta tsaya. A kira sunansa, a kira na ubansa a bayansa, da ƙarfi, cikin muryar wata yarinya malama da ba ta san komai game da gidanmu ba. Ya amsa. Tsintsiyar ta ci gaba. Ban taɓa yi mata maganar ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta san na gani ba.

Wata safiya yaron ya kwana da zazzaɓi bai je makaranta ba. Yana kwance a ɗakinta, an ba shi magani ya yi barci. Ina zaune a bakin zaure da littafi, na ɗauka ranar ba za ta yi shara ba. Sai ga ta ta fito da tsintsiya. Ta bi hanyarta har gindin katanga. Malamar ta kira sunayen biyu, babu amsa. Ta sake kira, a hankali wannan karon, tana ja, kamar mai leƙa bayan aji. Inna tana tsaye ta ba ni gefe, tsintsiya a hannu, na ga leɓɓanta suna motsi. Babu sautin da ya iso inda nake. Na mayar da idona kan littafin, ban ɗago ba sai da na ji tsintsiyar ta ci gaba.